Filta da Takardar Jarrabawa: Abin da Malamin Firamare Ya Kamata Ya Sani Game da Gyaran Hoto a Kwamfuta

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshe. Mun buga shi yadda ya karanta, saboda waɗanda ba su samu halarta ba.



An ɗora mini nauyin yin bayani a kan abin da masu aikin zane da kwamfuta suke kira filta, da sauran kwalliyar da ake yi wa hoto a cikin manhaja. Na san a cikinmu akwai wanda da ya ga wannan batu ya ce a ransa: ƙarin girma ya maƙale, kuɗin hutu shiru, ina ruwan ƙungiyar malamai da kwalliyar hoto? Yana da gaskiyarsa. Amma ina roƙonsa ya tuna da takardar jarrabawar ƙarshen zango. Malami ya samo hoton kifi mai kyau a wayarsa, ya sa kibiyoyi, ya ce yaro ya rubuta sunayen sassan jikinsa. Takarda ta je shagon buga takardu, ta bi ta injin fotokwafi sau ɗari biyu, ta dawo. Abin da ke gaban yaro a ranar jarrabawa baƙin dunƙule ne kamar an zubar da tawada. Yaron da ya san amsa ya rasa maki biyar, aka rubuta a katinsa cewa bai ƙoƙarta ba, alhali laifin na hoton ne. Wannan ita ce alaƙarmu da filta.

Waɗanda suka yi zamani da injin Gestetner za su tuna cewa a da ba a samun irin wannan matsala sosai, domin malami da hannunsa yake zana hoto a kan sitensil, layi-layi, baƙi a kan fari. A kwalejin ilimi ma abin da aka koya mana ke nan a darasin kayan koyarwa: kwali, maka, almakashi, da dabarar sarrafa abin da ke kusa. Yau hoto ya yi arha, kowa yana da dubbai a aljihunsa, amma injin da ke ninka mana takardu har yanzu baƙi da fari ya sani. Aikin da ya rage mana shi ne mu iya mayar da hoton waya ya zama abin da wannan inji zai iya ɗauka.

Kafin a taɓa kowace filta, ya kamata a san mene ne hoto a wurin kwamfuta. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera sahu-sahu, kowane ɗigo ana ce masa fiksel. Kowane ɗigo kuma yana ɗauke da lambobi uku: ta ja, ta kore, da ta shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Idan duka ukun 0 ne, ɗigon baƙi ne wuluk. Idan duka 255 ne, fari ne fat. Abin da ke tsakani shi ke ba da launuka sama da miliyan 16. To, filta ba wata aba ba ce illa lissafi da ake yi wa waɗannan lambobi, kuma akasarinsa lissafin da muke koyarwa ne a aji biyar da aji shida: tarawa, ɗebewa, rabawa, da neman matsakaici. Ina jaddada wannan ne domin na ga manyan malamai, waɗanda suka shekara ashirin suna koyar da lissafi, suna jin tsoron manhaja kamar akwai aljani a ciki.

Ga misali mafi sauƙi. Akwai filtar juyi, wadda sunanta a manhaja yake fita kamar "inbat". Abin da take yi kawai shi ne ta ɗebe lambar kowane ɗigo daga 255. Baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. A kowace makaranta akwai malami ko malama mai hannun zane, wanda idan ya zana zuciyar ɗan Adam ko taswirar Nijeriya a kan allo sai ka ji ba ka son a goge. A ɗauki hoton allon, a juya shi, sai ga zane baƙi a kan farar takarda, wanda za a iya bugawa shekara da shekaru ba tare da an ƙarar da tawadar inji ba.

Sai mayar da hoto mai launi zuwa ruwan toka, kuma a nan ne tarkon da ya fi kama mu yake. Idon mutum ba ya ganin launuka da ƙarfi ɗaya, saboda haka lissafin da aka daɗe ana amfani da shi yana ɗaukar kusan kashi 30 cikin ɗari daga ja, kashi 59 daga kore, kashi 11 daga shuɗi. Ku lissafa da kanku. Ja zalla, mai lamba 255, zai ba da toka mai lamba 76. Kore mai duhu, mai lamba 128, zai ba da 75. Wato a kan takarda su biyun abu ɗaya ne. Malamin da ya sa hoton tumatir biyu ya ce a nuna nunanne, ko ya kawo taswira mai yanki ja da yanki kore, ya yi tambayar da babu yaron da zai iya amsawa sai dai ya yi canke. Maganinsa shi ne a mayar da hoton ruwan toka tun yana kan kwamfuta, a dube shi da idon yaron da ke zaune a bencin ƙarshe. In launuka biyu sun haɗe, manhajoji irin su Photoshop da GIMP suna da wurin da ake ƙara wa launi ɗaya haske a rage wa ɗaya kafin a mayar. In kuwa taswira ce, a bar launi gaba ɗaya, a cika yanki ɗaya da layuka, ɗaya da ɗige-ɗige, kamar yadda tsofaffin littattafan labarin ƙasa suke yi.

Filtar da na fi so malami ya ƙware a kanta ita ce ta daidaita haske da duhu, wadda ake kira "lebul". Idan ka buɗe ta za ka ga wani zane kamar jerin tuddai, da ƙananan majanya uku a ƙarƙashinsa. Tuddan suna nuna yawan ɗigon da ke kowane mataki, daga baƙi a hagu zuwa fari a dama. Idan ka ɗauki hoton shafin littafi da waya, idonka yana ce maka takardar fara ce, rubutun baƙi ne, amma lambobin sun saɓa. A ce takardar ta tsaya a 180, tawadar kuma a 70. Injin fotokwafi zai ɗauki wannan 180 a matsayin toka, ya yayyafa mata ɗige-ɗige, kuma duk kwafin da aka yi daga kwafi sai dattin ya ƙaru. Sai ka ja majanyin dama ka kawo shi 180, wato ka ce wa kwamfuta daga nan zuwa sama duk fari ne. Ka ja na hagu zuwa 70, daga nan zuwa ƙasa duk baƙi ne. Na tsakiya kuma ka motsa shi a hankali har hoton ya zauna. Aikin bai kai minti ɗaya ba, amma shi ne rabin gyaran duk wani hoto da za mu buga. Yawancin mutane majanyin ƙarin haske suke ruga wa, wanda yake ɗaga komai tare, har da rubutun, sai shafin ya fito fari-fari kamar an wanke shi da omo.

Ƙanwar wannan ita ce filtar iyaka, "tireshol". Ita ba ta san sulhu ba. Kana ba ta lamba ɗaya, galibi tana farawa daga wajen 128, duk ɗigon da ya haura ya zama fari, duk wanda ya gaza ya zama baƙi. Ga zanen biro, da rubutun hannu, da hatimin makaranta, babu kamarta. Amma kada a kusantar da ita ga fuskar mutum ko hoton dabba, domin za ta mayar da su dodo. Kuma tana tona asirin mai ɗaukar hoto: in inuwar hannunka ko ta wayarka ta faɗa a gefen takardar, wannan gefen zai koma baƙi ƙirin. Shi ya sa gyara na farko ba a kwamfuta yake ba. A shimfiɗa takarda a inuwar bishiya ko a bakin taga, inda haske ya bazu daidai, a kashe fitilar waya, a riƙe wayar a saitin tsakiyar takardar, a goge gilashin kyamara da gefen riga. Wanda ya yi haka ya rage wa kansa wahala da yawa.

Yanzu ga biyun da aka fi yi wa mummunar fahimta: ta dishi-dishi da ta kaifafawa. Filtar dishi-dishi, wato "bula", matsakaici take nema. Tana duban ɗigo da maƙwabtansa takwas, ta tara lambobinsu, ta raba da tara. A ce ɗigon tsakiya 200 ne, maƙwabtan kowanne 110. Jimla 1,080, a raba da 9, an sami 120. Ɗigon da ya fita daban ya koma kusa da 'yan'uwansa. Wadda aka fi amfani da ita tana ɗauke da sunan Gauss, masanin lissafin nan na Jamus da ya rasu a 1855, kuma bambancinta shi ne tana ba maƙwabci na kusa nauyi fiye da na nesa. Kaɗan daga cikinta, kamar fiksel ɗaya, yana share ƙurar da waya ke zubawa a hoton da aka ɗauka cikin aji mai duhu. Yana kuma taimakawa in an ɗauko hoto daga jarida, inda ɗige-ɗigen bugu ke haifar da wani zane kamar saƙar tabarma.

Ita kuwa ta kaifafawa dabara ce da aka gada daga masu wanke hoto na zamanin fim. Manhaja tana yin kwafin hoton mai dishi-dishi, ta gwada shi da na asali, ta ga inda suka bambanta, wato bakin abubuwa, sai ta ƙara wa gefen duhu duhu, gefen haske haske. Ido sai ya ga kamar hoton ya ƙara fitowa. Ku lura, babu wani sabon abu da ta ƙaro. Hoton da hannu ya girgiza wajen ɗaukarsa ba zai warke ba, abin da ake gani a fina-finai, inda ɗan sanda yake danna maɓalli lambar mota ta fito daga hazo, tatsuniya ce. In aka matsa mata kuma sai farin zobe ya kewaye kowane abu. A bar ta sai ƙarshe, bayan an gama daidaita girman hoto, a sa kaɗan, a duba hoton a ainihin girmansa.

Maganar girma ta kawo mu ga WhatsApp, wanda ta nan mafi yawan hotunanmu ke yawo. Shafin A4 da za a buga da kyau, ɗigo 300 a kowane inci, yana bukatar fiksel 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. Hoton da faɗinsa fiksel 600 ne, a wannan ma'auni, inci biyu kawai zai cika, kimanin santimita biyar. In ka ja shi ya cika shafi, dole ya farfashe. WhatsApp yana matse hoto domin ya rage cin data, kuma nau'in JPEG duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa sai ya zubar da wani abu. Saboda haka a aika hoton aiki a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, zane mai layi kuma a adana shi a nau'in PNG. Sa'annan, kowane irin gyara za a yi, a ajiye na asali a gefe, a yi aiki a kan kwafi. Tun 1994 Photoshop ta kawo tsarin shimfiɗa-shimfiɗa, inda ake ɗora gyara a kan hoto kamar farar leda a kan taswira, in bai yi ba a ɗage. Manhajojin yau kusan duka suna da shi.

Game da wace manhaja za a koya, ba zan tsawaita ba. Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar a 1990, ita ce uwa, amma yanzu kuɗin haya ake biya wata-wata, kuma albashinmu kun san shi. CorelDRAW ita za ku tarar a yawancin shagunan buga kati da kalanda. GIMP, wadda ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Bakili suka fara a 1995, kyauta ce, ba ta bukatar intanet bayan an sauke ta, kuma duk abin da na ambata tana yi. A waya akwai Snapseed, ita ma kyauta. Wanda ya fahimci lissafin, duk wadda ya buɗe zai gane hanya, sunaye ne kawai ke ɗan sauyawa.

Akwai kuma kwalliya: inuwa a bayan harafi, ƙyalli, rubutu mai tudu kamar an sassaƙa, launi mai narkewa cikin launi. Duk wanda ya fara koyo sai ya kamu da son su, ya zuba su duka a takardar gayyatar bikin yaye ɗalibai har a rasa ranar taron. Wannan ɗanɗano ne, ba zan yi wa kowa dole ba. Amma a kayan koyon karatu ina da magana. Bambancin ƙ da k, da ɗ da d, da ɓ da b, ɗan ƙaramin lanƙwasa ne a saman harafi, kuma shi ne abu na farko da inuwa da dishi-dishi suke cinyewa. Yaron aji biyu da ke koyon bambanta ƙasa da kasa, ko ɓari da bari, ba shi da abin kamawa sai wannan ƙugiya. Wasu nau'o'in rubutu ma ba su da haruffan namu sam, sai kwamfuta ta aro daga wani nau'in, kalma ta fito da harafi ɗaya bare a tsakiyarta. Akwai nau'in rubutu mai suna Andika, wanda aka tsara musamman domin masu koyon karatu, kyauta ne, kuma yana da ƙugiyoyinmu cif. A rubuta da shi, baƙi a kan fari, ba inuwa.

Malam Shugaba, saura magana ɗaya, kuma ita ta fi shafar ƙungiya. Hannun da ya iya fito da hoto fili, shi ne ya iya sa hoto ya yi ƙarya. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar kusa da juna domin hoton ya shiga bangonta, kuma har yau ana ba da misali da wannan a makarantun aikin jarida. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar mata hoto saboda ya haɗa hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mayar da su ɗaya. Bai ƙirƙiri yaƙin ba, bai ƙirƙiri mutanen ba, amma aikinsa ya tafi. Mu ma muna da hotunan da hujja ne. Idan reshe zai kai kuka kan rufin da iska ta yaye, ko ajin da yara ke zaune a ƙasa, hoto muke haɗawa da takardar. A irin wannan hoto, a ganina, an yarda a ƙara haske domin a ga abin da ke cikin ɗaki, an yarda a yanke gefen da ba ya ƙara komai. Amma kada a ƙara tsaga a bango, kada a kwafi yara a cika aji, kada a duhunta sama domin abin ya ƙara ban tausayi. Ranar da jami'i ɗaya ya gano hoto ɗaya da aka taɓa, ya sami abin da zai yi watsi da sauran hotuna hamsin na gaskiya, kuma wata makarantar ce za ta kwana ba rufi. Haka nan kishiyarsa: shugaban makarantar da ya sa aka shafe tsagar bango a hoton rahoto domin kada a ce bai iya riƙo ba, ya jinkirta gyaran da zai hana bangon faɗa wa yara. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo cikin manhajojin nan, har ana iya rubuta umarni a cire mutum ko a ƙara gini, jarrabawar ta ƙaru. A riƙa ajiye hoton asali yadda ya fito daga waya, domin ranar da za a ce a kawo shi.

Fuskokin yara kuma amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta nemi a sami yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma hoton fuska yana cikin bayanai. In hoto zai fita daga makaranta ba tare da wannan yarda ba, a rufe fuskar. A rufe ta da tambari mai launi ɗaya, kada a dogara da ɗan dishi-dishi ko murɗa hoto. A 2007 ƙwararrun 'yan sandan Jamus sun warware fuskar wani mai laifi da ya murɗe ta da filta, hukumar Interpol ta yaɗa hoton, aka kama shi a Tailan. A can abin ya yi amfani, amma ya nuna cewa abin da lissafi ya murɗa, lissafi yana iya warwarewa. A duba har da bajen makaranta a ƙirjin riga da sunan da ke kan littafi.

Akwai kuma filtar da wayoyi da yawa ke kunnawa da kansu, mai goge fuska ta ƙara mata fari. Ina roƙon malamai, musamman masu ɗaukar hoton 'yan aji shida na katin shaida da na yaye, a shiga saitin kyamara a kashe ta. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ta ga malaminta ya haskaka mata fata kafin ya ce hoton ya yi kyau, ta koyi darasin da ba ya cikin manhajar karatu, kuma masu sayar da man bilicin suna jiranta a kasuwa. In fuska ta yi duhu a hoto, rashin haske ne a wurin ɗauka. A juya yaron ya fuskanci taga, ko a ɗaga majanyin tsakiya na lebul har idanu su fito, a bar masa launin da Allah ya ba shi.

Bayan sallar la'asar za mu zauna a kan kwamfutocin da aka aro mana, mutum biyar-biyar. Kowa ya zo da hoto ɗaya daga cikin waɗanda yake niyyar sawa a jarrabawar wannan zango. Za mu yanke shi, mu mayar da shi ruwan toka, mu daidaita lebul, mu buga, sa'annan mu yi kwafin kwafinsa har sau uku a injin ofis, mu liƙa a bango, mu koma bencin ƙarshe mu duba. Iyayenmu da suka ce idonsu ba ya ganin ƙananan rubutun manhaja, an tanadi matasan malamai da za su zauna kusa da su.